Ƙwallon Kwando a Kwaleji: Ina Iyayen Gari?

A kwalejojin yankinmu, kamar ta Ilimi da ke Bichi ko ta Noma ta Audu Bako a Dambatta, in ana wasan ƙwallon kwando ɗalibai ne ke cika gefen fili. Da wuya ki ga uwa da 'ya'yanta daga cikin gari.

Bayan la'asar ake wasan, yara suna Islamiyya, uwa tana kan tuwon dare. Da kaka kuwa ga sussukar gero, ga cirar gyaɗa. Wasu ma gani suke ƙofar kwaleji ta 'yan boko ce kawai.

Ni da nake auna hawan jinin mata kullum, abin yana damuna. Yarinyar da ba ta taɓa ganin mace tana gudu da tsalle ba, da ta fara zama budurwa sai ta daina motsa jiki. Alhali tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta amince a yi wasa da hijabi, kuma a 2024 'yan matan Najeriya, D'Tigress, suka kai kwata fainal a gasar Olamfik ta Faris.

Yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a. Ki tambayi ranar wasa, ki shawarci maigida, ki je da ita.