Ƙoƙon kai da madigar jariri: abin da likitoci da malaman fiƙihu suka bayyana

Mai kallon kan mutum daga waje zai zaci ƙashi ɗaya ne dunƙulalle. Alhali ƙasusuwa 22 ne Allah Maɗaukakin Sarki Ya harhaɗa: 8 sun kewaye ƙwaƙwalwa, 14 sun gina fuska. A cikinsu muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi, da shi muke tauna, da shi muke magana. Sauran sun sarƙe da juna kamar haƙoran zarto, a mahaɗar da likitoci ke kira ɗinki.

Ibn Sina ya siffanta waɗannan ɗinkuna a littafinsa Alƙanun, da sunayen da suka dace da surarsu: Iklili, wanda ya ratsa gaban kai kamar kambi, Sahmi, wanda ya miƙe ta tsakiya kamar kibiya, da Lami na ƙeya.

Malaman fiƙihu ma ba su bar kai haka nan ba. A Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kasa raunin kai gwargwadon zurfinsa. Mudiha, wadda ta bayyana ƙashi, diyyarta raƙuma 5 ne. Munaƙƙila, wadda ta fasa ƙashin har ɓaraguzansa suka gusa, raƙuma 15. Ma'amuma, wadda ta kai ga ƙwaƙwalwa, sulusin diyyar rai. Duk mai hawa babur ba hular kwano ya dubi wannan lissafi.

Sai dai inda na fi so iyaye mata a Rikoto da sauran unguwannin Zuru su tsaya shi ne madiga. Ana haihuwar jariri ɗinkunan kansa ba su rufe ba, domin ƙasusuwan su ɗan hau juna lokacin naƙuda, ƙwaƙwalwa kuma ta samu wurin girma. Madigar baya takan rufe cikin wata 2 zuwa 3, ta gaba kuwa sai wajen wata 18, wani yaron har shekara 2. Bugun da ake gani a wurin ba ciwo ba ne.

Idan madiga ta lotsa, musamman bayan gudawa ko amai, alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki. Shafa mata haɗin gargajiya ba ya mayar da ruwan, jinkiri kawai yake jawowa, kuma a jinkirin nan ake rasa yara. A ci gaba da shayarwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti.

Idan kuwa ta kumbura alhali yaron ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, ga ƙin mama, to ana tsoron sanƙarau. Jihar Kebbi ta ga ɓarnar wannan cuta a farkon 2025 a Gwandu, Jega da Aliero. Jariri sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa kamar na babba, don haka kada a jira wannan alama kafin a kai shi babban asibitin Zuru, ko da tsakar dare ne.