Ƙarfin Tsohuwa: Gado Ne Ko Motsa Jiki?

Sau da yawa akan ga tsofaffi biyu sa'o'in juna, ɗaya tana tashi daga tabarma ba tare da dafa ƙasa ba, ɗayar kuwa sai an kama ta. Masana sun san cewa tsoka tana zaizayewa da tsufa, kuma ga mata abin yakan ƙaru bayan ɗaukewar haila. A 1989 wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa wa wannan zaizayewa suna sakofeniya. Haɗarinta shi ne faɗuwa, domin tsohuwar da ta karye a ƙugu sau da dama ba ta komawa tafiya kamar da.

To, me ya bambanta tsofaffin nan biyu? Hanyar da masana suka bi ita ce nazarin tagwaye. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kusan rabi kawai suka yi tarayya a ciki, kamar sauran 'yan'uwa. Idan na farko sun fi kama da juna wajen ƙarfi, gado ne ya jawo. A 1997 Arden da Spector na Asibitin St Thomas a Landan suka buga sakamakon awon da suka yi wa ɗaruruwan tagwaye mata da suka daina haila. Sun gano cewa gado ne ke da alhakin kusan rabin bambancin yawan tsoka da ke tsakanin matan, da kusan rabin bambancin ƙarfin ƙafa. Wajen ƙarfin damƙar hannu kuwa, rabonsa bai wuce kashi 30 cikin 100 ba.

A nan ɗalibi yakan yi kuskure. Wannan rabin yana nufin bambancin da ke tsakanin jama'a ne, bai nuna cewa an ƙayyade wa mace rabin ƙarfinta tun tana ciki ba. Sauran bambancin yana komawa ga abinci, cuta da yadda ake amfani da jiki.

Hujjar hakan ta fito daga Boston a 1990. Dakta Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma, maza da mata, masu shekara 86 zuwa 96, ɗaga nauyi da ƙafa har mako takwas. Tara suka kammala, kuma ƙarfin cinyoyinsu ya ninka fiye da sau biyu.