UWA, IN ƊANKI YANA SHAN PREDNISOLONE, KI KULA!

Likita yakan ba yaro ƙwayar Prednisolone saboda asma ko ciwon ƙoda mai kumbura jiki. Magani ne mai amfani, amma yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Ƙarambau da ba ya wahalar da sauran yara, shi yana iya kayar da shi.

Piriton kuwa ƙaiƙayi kaɗai yake kwantarwa, ya kawo barci. Ba ya kashe cuta. Likita yakan haɗa su biyun. Haɗarin shi ne ki ga ƙuraje, ki sayo Piriton a kemis, yaro ya bar susa ya yi ta barci, ki ce sauƙi ya samu, alhali cuta tana cinsa.

Saboda haka:

1. Da ganin ƙuraje ko zazzaɓi, ki kawo shi asibiti a ranar.

2. In ya kusanci mai ƙarambau ko ƙyanda, ki kawo shi ko da lafiyarsa lau.

3. Kada ki tsai da Prednisolone da kanki. Likita ne ke rage shi sannu-sannu.

4. Kada ki ba jaririn da bai kai shekara 1 ba Piriton.

RIGAKAFI YA FI MAGANI