Yadda Ake Zana Teku da Duwatsu da Fenti

Matasanmu masu yi wa bangon makaranta da allon shago fenti sukan tambaye mu yadda ake zana teku, tun da yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Bari mu ɗauki garin Limbe na ƙasar Kamaru mu yi misali da shi. Tekun Atlantika yana gaban garin, a bayansa kuma ga Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya wuce mita 4,000. Dutse ne mai aman wuta, ya yi aman a 1999 da 2000. Duwatsun bakin ruwan da yashin wurin baƙaƙe ne, domin daga aman shekaru aru-aru suka samu.

Abin da ya fi ba sabon hannu wuya shi ne nuna nisa. Ku tuna yadda tudu mai nisa yake dusashewa lokacin hazo. Ƙura da danshin da ke cikin iska ne suke rage masa launi. Don haka babban dutsen nan, a gauraya masa shuɗi da fari mai yawa da ɗan ɗigon baƙi. Kada a zana masa itatuwa ɗaya-ɗaya. Wanda ya shafa masa kore mai duhu, dutsen zai matso gaba ya danne sauran hoton, fentin da aka saya da tsada kuma ya tafi a banza.

A fara da sama, sai dutsen, sai ruwa. Inda ruwa ya haɗu da sama, a ja zare a daidaita layin, domin teku ba ya karkata. A riƙa jan burushi a kwance, raƙuman ruwa na nesa ƙanana, na kusa manya.

Duwatsun gaba su ne masu duhu, amma baƙin fenti zalla yana kashe su. Mu mun fi son shuɗi da ruwan ƙasa a haɗe. A zaɓi gefen da rana take, a haska wannan gefen a kowane dutse, gindin da ruwa ke jiƙawa kuma a ƙara masa duhu.

Farin kumfa shi ne na ƙarshe. In fentin mai ne, a bari ya kwana ya bushe. Sannan a ɗebi fari kaɗan, a goge burushin a tsumma, a riƙa dangwalawa inda ruwa ke dukan dutse kawai.