Yadda ake auna faifan farko na mawaƙi

Faifan farko yana da wuyar sharhi, domin mai shi ba shi da na baya da za a gwada shi da shi. Shi ya sa masu sharhi kan faɗa wa kwatance: muryar nan irin ta wance ce, jitar nan ta wane ce. Kwatance na taimakon mai saye, amma ba ya amsa babbar tambaya, wato a cikin abin da ake ji, wanne ne na mawaƙin, wanne ne na waɗanda suka kewaye shi?

Mu ɗauki The Kick Inside, wanda Kate Bush ta fitar a Ingila a Fabrairun 1978, tana da shekara 19. David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd ne ya taimaka aka naɗi waƙoƙinta na gwaji har kamfanin EMI ya ɗauke ta. Andrew Powell ya tsara kiɗan, aka kuma kawo gogaggun makaɗa daga ƙungiyoyin Pilot da Cockney Rebel. To, santsin da ke cikin faifan, da goge-gogen da ke tashi a bayan murya, mafi yawansu aikin waɗannan manya ne. Mai sharhin da ya yaba mata a kansu ya yabi wanda bai yi aikin ba.

Nata yana cikin ginin waƙar. Salon rok mai sarƙaƙiya, wanda Pink Floyd da Genesis suka yi suna da shi, ba ya yarda da baiti, amshi, baiti, amshi kawai. Sautin kan sauya gida a tsakiyar waƙa, ƙidayar bugu ta ƙaru ko ta ragu. Mazan ƙungiyoyin nan sukan ja waƙa ɗaya ta cinye minti ashirin. Ita kuwa ta matse dabarar cikin minti huɗu da rabi a waƙarta "Wuthering Heights": amshin ba ya tsayawa kan ƙidaya ɗaya, amma kunne na kama shi tun jin farko. A ganina wannan ya fi doguwar waƙa wuya nesa ba kusa ba.

Sai batun shekaru. Faifan farko rumbu ne da aka daɗe ana tarawa. "The Man with the Child in His Eyes" tana da shekara 13 ta rubuta ta, aka naɗe ta a 1975, don haka waƙoƙi 13 da ke faifan ba su zama tsara ɗaya ba, kuma bai dace a auna su da mudu ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ba a ji a faifan, sai an bi labarinsa. EMI ta so a fara sakin "James and the Cold Gun", wadda ta fi kama da rok ɗin da rediyo ya saba. Yarinyar ta kafe sai "Wuthering Heights". Waƙar ta yi mako huɗu a matsayi na ɗaya a Birtaniya, kuma Kate Bush ce mace ta farko da ta kai nan da waƙar da ta rubuta da kanta.