Aron Kayan Gado ga Gidajen Tarihi da Matsalar Inshora a Ƙasar Kura da Bunkure

Tun kafin a san Kura da Bunkure da shinkafa da tumatir, an san Kura da turkuɗi, wato zanen nan mai sheƙi da ake rinawa da baba sannan a buge shi, wanda fatake ke kaiwa Agadas da sauran ƙasashen Buzaye, har aka riƙa kiran wani irin rawani ɗan Kura. Kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da shimfiɗa magudanan noman rani sun karkatar da jari da hannaye zuwa gona, a daidai lokacin da yadin masana'anta ke raunana karofi, ta yadda tsofaffin riguna, kayan bugu, takubba da littattafan da aka rubuta da hannu suka tashi daga kayan amfani suka koma kayan gado da ake kulle su a adaka.

Wurin da ya dace jama'a su ga irin waɗannan kaya shi ne Gidan Makama, da ke ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ko Gidan Ɗan Hausa na Jihar Kano, amma mai kaya kan yi nauyin ba da aro muddin ba a faɗa masa wanda zai biya idan gobara ta tashi ko ɓarawo ya shiga ba. Tsoron nasa yana da tushe, domin an yi sata a gidajen tarihi na Jos da Ife a shekarun 1980 da 1990, kuma a 2023 babban gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya sanar da ɓacewa ko lalacewar kaya kusan 2,000.

Inshora, wato yarjejeniyar da kamfani ke karɓar ƙayyadadden kuɗi domin ya biya diyya idan asara ta auku, tana buƙatar a fara yanke wa kaya kima, kuma a nan ne matsalar ta fi tsanani. Dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana cinikin kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, kuma ta haɗa har da kayan sana'ar hannu da aka yi kafin 1918. Saboda haka babu buɗaɗɗiyar kasuwar da za a duba farashi, sai abin da dillalan ɓoye ke tayawa. Ƙari a kan haka, kayan gado sau da yawa mallakar magada ne da dama waɗanda ba su raba ba, alhali kamfani yana neman sunan wanda zai karɓi diyya. Ko an shawo kan waɗannan, inshorar kayan tarihi ba kasafai take biyan ɓarnar gara, asu ko raɓa ba, waɗanda su ne manyan abokan gabar zane da takarda a yankin da ruwa ke kwance rani da damina.

Fiƙihun Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ya riga ya bambanta ajiya da aro: wanda aka ba ajiya ba ya biya sai ya yi sakaci, amma mai aron abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi, yana lamunce shi. Gidan tarihin da ya nemi kaya domin nuni mai aro ne, don haka nauyin yana wuyansa. Ƙyamar da wasu ke yi wa inshora saboda riba ma ta samu mafita tun da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar taimakekeniya ta Musulunci, a 2013.

Illar wannan giɓi na rashin mai lamunce kayan aro ita ce kaya su ruɓe a ɗaka ko su bi dillalai zuwa ƙetare, tarihin masaƙa da marina kuma ya rasa shaida a gidajen tarihi. Birtaniya ta magance makamancin wannan da dokar 1980, inda gwamnati ke lamunce kayan aro maimakon kamfani, kamar yadda Amurka ta yi a 1975. Ya kamata Gwamnatin Jihar Kano ta ɗauki irin wannan lamuni, tare da rubutacciyar yarjejeniya mai ɗauke da hoton kaya, kimarsu da sunayen magada, wadda za ta fara aiki daga ƙofar gidan mai kaya har ranar da za a mayar masa.