UWA, KE CE MALAMARSA TA FARKO

Iyaye mata na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, a saurara!

Yaronki ya shekara, in kin kira sunansa ba ya waiwayowa? Ya kai wata 18 ba ya nuna miki abu da yatsa? Ya shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, ko ya fara magana ta ɗauke? Yana gudun haɗa ido, yana yawan kaɗa hannu, yana toshe kunne in injin niƙa ya tashi? To, mai yiwuwa galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ta fi samun maza.

KI SANI

Ba aikin iskoki ba ne, ba sammu ba ne, ba laifinki ba ne. Allurar rigakafi ba ta kawo ta. Ƙwaƙwalwar yaron ce ke girma ta wata hanya dabam. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke raba shi da ita, kada a ci kuɗinki. Amma yana koyo, in an koya masa da haƙuri.

FARA DA ASIBITI

Kada ki ce miskili ne, zai yi magana in ya ga dama. Ki kawo shi da katinsa. A fara duba kunnensa, don ƙyanda da sanƙarau kan kurumtar da yaro. In da bukata, za a tura ku Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, daga nan zuwa asibitin koyarwa na Katsina ko na Shika.

KOYA MASA MAGANA

1. Ki durƙusa daidai fuskarsa, ki kira sunansa, sannan ki yi magana.
2. Kalma ɗaya ko biyu ta isa: "Sha ruwa." "Zo nan."
3. Ki ɗaga kunu da ruwa, ki bar shi ya zaɓa. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki taimaka.
4. In ya nuna da hannu, magana ce. Ki ba shi, ki faɗi sunan abin.
5. Ki nuna masa buta kafin bayan gida, tabarma kafin barci, don ya san abin da ke tafe.

KOYA MASA YI WA KANSA

Ki raba aiki gaɓa-gaɓa. Wajen sa riga, ki yi masa duka, ki bar masa jawo ta ƙasa. In ya iya, ki ƙara masa wata gaɓa. Haka wanke hannu, haka cin tuwo. Kullum lokaci ɗaya, wuri ɗaya. In ya yi daidai, yaba masa nan take. In ya tasa, a ba shi shara, ba akuya dusa, ɓarar gyaɗa da ƙirga canji. Ba kullum za ki kasance kusa da shi ba.

TSARE SHI

Irin waɗannan yara kan fice ba a sani ba, ruwa kuma na jan su. A rufe rijiya, a kula da kududdufi. In za a yi tafiya, ko tashin hankali ya sa an bar gari, ki ɗinka masa ƙyalle a riga mai sunansa, sunan garinsu da lambar waya.

KADA A DOKE SHI. KADA A ƊAURE SHI. KADA A ƁOYE SHI.

A bar shi ya yi wasa da 'yan'uwansa, a sa shi makaranta. Ki gaya wa maigida abin da kika ji yau.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tambayi malamar asibiti kafin ki koma gida.